Safar Matsattsaku

Ranar da Izwan ya fara shigowa shagonsu a Jerantut, sai da Marlina ta juya baya ta gama dariyarta. Dogon saurayi ɗan Kuala Lumpur, da wandon jins da farin takalmi sabo dal, yana jan akwati mai taya, wai kurmi zai shiga kwana goma, jami'arsu ta turo shi ƙidayar itatuwa.

"Abang," ta ce, wato yaya a yarensu, "kurmi za ka ko ɗaurin aure?"

"An ce a nan ake gyara wa mutum kaya," ya ce yana sosa ƙeya.

Ba a yi masa ƙarya ba. Mahaifiyarta, Mak Salmah, tana kan keke tana ɗinka doguwar safar akoko da ake ɗaurewa a ƙarƙashin gwiwa don kada matsattsaku su sami hanya, ita kuma Marlina aikinta ta zazzage kayan baƙo ta tsince na kirki. Ta buɗe akwatin ta dafe kai.

"Kaya biyu kawai ake shiga da su. Na jiƙa, shi za ka mayar kullum da safe ko yana ɗiga. Na bushe a ƙulle cikin leda, ba ka taɓa shi sai ka isa sansani. Jins in ya sha ruwa kwana uku bai bushe ba, ya saɓule maka cinya. Turaren nan kuma ajiye shi, in ba so kake zuma da rina su yi maka rakiya ba."

Ita tana bayani, shi yana kallon bakinta. Ba na jin rabin maganar ta shiga kunnensa, amma lambar wayarta ta shiga.

Bayan kwana goma saƙo ya iso:

"Likitar jakata, na fito lafiya. Matsattsaku biyu suka same ni a dawa, na ukun tun a shagonku ya kama ni, ya ƙi saki."

"A barbaɗa masa gishiri, zai faɗi."

"Wannan ba na so ya faɗi."

Wata shida yana shiga kurmi yana fitowa, kuma duk fitowa shagon ne zangonsa na farko. Yana zama kan buhun akoko ya ci shinkafar kwakwa da yajin Mak yana hawaye yana neman ƙari. Marlina ta so shi so na gaske, wanda ba ta iya ɓoyewa.

Sai mahaifiyarsa ta zo. Puan Rokiah ba ta ko zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hammata, ta dubi zaren da ke zube a ƙasa, ta dubi Mak.

"Ke ce uwar yarinyar? To ki ja mata kunne. Ɗana digiri biyu gare shi. Ba zan haɗa zuri'a da masu ɗinka wa ƙafa riga ba."

A gaban baƙi uku ta faɗi haka. Keken ya tsaya. Mak ta ce, "Allah ya ba shi wadda ta fi," ta koma kan ɗinkinta, amma Marlina ta ga allura ta soke ta a yatsa. Shekara ashirin matar nan tana ciyar da ita da wannan safar tun rasuwar mahaifinta. Marlina ba ta yi kuka ba, ta dai ƙulla abin a ranta, ta ce ko ba jima ko ba daɗe sai ta rama.

Izwan yana can sansani inda waya ba ta kamawa. Ana haka, ran nan da la'asar, wata farar mota ta tsaya, wata budurwa ta fito da akwati biyu tana yatsina. Elyana ce, 'yar ƙanwar Puan Rokiah, wadda Izwan ya taɓa cewa ana ta cusa masa. Ta ɗora hannu kan teburi yadda zoben zai kama haske.

"Ke ce mai shirya kaya? Gobe zan bi Abang Izwan sansaninsa, ni da 'yar rakiyata. An sa mana rana, ko bai gaya miki ba? Ayya. Yi sauri dai, warin shagon nan yana hawa mini kai."

Marlina ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Zauna, amarya. Yau za ki ga aiki."

Ta yi aikin kuwa, da natsuwa, kamar mai haɗa lefe. Duk abin da ta saba cirewa shi ta saka. Jins biyu ga amarya. Dogayen riguna masu kauri ga 'yar rakiya, irin waɗanda in suka sha ruwa sai sun yi nauyin buhu. Kayan na babbar mace ne, amma fushi ya rufe mata ido, ba ta tsaya tambaya ba. Leda ko ɗaya ba ta saka ba. Ta zaɓi takalma masu santsi, ta ɗora kwalbar turare a sama.

"Safar nan da kuka rataye fa?" in ji Elyana.

"Ta ƙauyawa ce, ba ta dace da ke ba."

Da motar ta tashi ta rubuta wa Izwan: "Barka da zobe. Na shirya maka amaryarka da hannuna. Kada ka ƙara nemana." Saƙon ya maƙale bai tafi ba. Ta zauna tana hango matsattsaku suna layi a ƙafar nan mai jan farce, ta ji wani sanyi a ranta, don kuwa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Washegari da safe tana shara wayar ta yi ƙara. Izwan ne, ya hau tudu ya sami layi.

"Wane zobe, hasken idona? Wallahi ban ba kowa zobe ba, Elyana ce ta saya wa kanta. Na gaya wa mahaifiyata ba zan koma gida ba sai ta yarda da ke, shi ne ta ce yau za ta zo ta ɗauke ni da kanta, Elyana za ta rako ta. Na san ta ɓata miki, amma in kayanta sun biyo ta hannunki ki kula da ƙafarta. Ciwon sukari gare ta, ko ƙaya ta soke ta sai ta yi wata tana jinya."

Marlina ta zauna kan buhu. Ashe 'yar rakiyar ita ce Puan Rokiah! Ba zan yi mata ƙarya ba, abin da ya fara zuwa ranta daɗi ne. Matar da ta raina safa za ta shiga kurmi ba safa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta yi minti biyar cur tana tauna wannan daɗin. Sannan ta tuna yadda cizon matsattsaku ke yini yana zubar da jini, ta tuna ƙafar mai sukari, ta tuna wanda zai goyo matar daga dawa. Ta miƙe ta haɗa jaka ɗaya, ta fizgi safa daga igiya, ta hau babur.

Kwale-kwalen ƙarfe tara yana shirin tashi daga Kuala Tembeling ta iso. Ta dire jakar a gaban Puan Rokiah.

"Makcik," ta ce, wato gwaggo, "kada ki shiga da waccan jakar. Da gangan na haɗa ta don a sha wuya."

Matar ta zaro ido. "Da gangan? To me ya kawo ki?"

"Izwan uwa ɗaya gare shi. Ni ma ɗaya gare ni, kuma kin san abin da kika faɗa mata. Ban yafe ba. Miƙo ƙafar."

Ta durƙusa a kan katakon gaɓa ta zura mata safar, ta ja igiyar ta ɗaure tamau, har da ɗan ƙari. Puan Rokiah ta ce "wash".

"Tawa jakar fa?" in ji Elyana.

"Ai ke amarya ce, tafi da kwalliyarki." Marlina ta zare kwalbar turaren daga jakar Elyana. "Wannan dai bar shi, ba kisa na zo yi ba."

Kwana uku suka yi, kwana uku ana ruwa. Elyana ta fito tana tafiya a tale da cizo ashirin da uku, tun a hanya ta cire zoben ta faɗi gaskiya tana kuka. Puan Rokiah kuwa ko ɗigon jini ba ta zubar ba.

Bayan mako biyu ta dawo Jerantut da yayyenta maza biyu da tiren kayan gaisuwa. Ta tsaya a bakin ƙofar nan dai.

"Salmah, na zo neman gafara, na kuma zo neman 'yarki."

Mak ba ta ɗaga kai ba. "Bari in ƙarasa wa wannan ƙafar rigarta."

Ta ɗinka a hankali, ta kashe bakin zare, ta juya safar, ta ɗauko 'yar'uwarta ta fara. Baƙi suna tsaye da tire a hannu, gumi yana tsiyaya. Marlina tana bayan labule ta toshe baki da gyale, wannan tsayuwar ta biya ta komai. Sai da aka gama ta biyun Mak ta miƙe ta kama hannun matar.

"Na yafe. Ku shigo ku zauna."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. An zaunar da ango da amarya kan kujerar biki, dangi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa musu ruwan wardi da shinkafa a tafin hannu. Izwan ya sunkuyo.

"Hasken idona, ni ma in na yi laifi haka za ki yi mini?"

"Kai naka sai ya fi, Abang."

Iyayen biyu suka zo tare. Puan Rokiah ta matsa gefe ta ce Salmah ta fara. Mak ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya sa kada ɗayanku ya raina abin da ɗan'uwansa ya taso a kai."

"Amin," in ji Puan Rokiah, kuma tata ta fi ta kowa ƙarfi.