Noti Huɗu na Tagulla

Bayan an sauko Juma'a aka tarar da wani lebura, Illo, kwance gindin akwatin wuta, a gidan casar shinkafa na bakin gulbi. Tafin hannunsa na hagu ya ƙone. Shekara biyu ke nan da shigowar lantarki Sakkwato, kuma shi ne mutum na farko da Saje Mode na 'yan doka ya ga ta kashe.

Akwatin na baƙin ƙarfe ne, kafe a bango, da mariƙi a gefe. In an ɗaga mariƙin inji ya tashi, in wuta ta yi yawa ya faɗi da kansa ya katse ta. Noti huɗu ke riƙe da murfin, masu kai mai kusurwa uku, sufana ɗaya ce ke kwance su. Mai sufanar shi ne Siddiƙu, mai kula da wutar gidan. Kafin Mode ya iso, Baturen gidan ya sa an kai shi caji ofis. Ya ce sakaci ne, kuma ran Litinin zai rubuta a kai shi gaban joji kan kisa.

Mode bai san komai game da lantarki ba, bai kuma so ya sani ba. Ƙafafunsa na ciwo. Ya zauna bisa buhu ya kira mutane.

Lawali mai gadi, tsoho mai ɗingishi, ya ce da safe Illo ya ɗaga mariƙin lafiya lau, inji ya yi aiki har azahar. Siddiƙu ya sauke shi, ya rataye sufanarsa bayan ƙofar sito yadda ya saba, suka tafi masallaci shi da Illo. Mutum uku sun shaida sahu ɗaya suka yi. Shi Lawali bai bar ƙofa ba, kuma bai ga baƙo ba.

"Ban tambaye ka baƙo ba, baba. Ɗan gida fa?"

"Ɗan gida ai ba a ƙirga shi, Saje."

Da ƙyar Lawali ya tuna heluma Yari, shugaban leburori, ya dawo ɗaukar buta. Yari bai musa ba. Idanunsa sun yi ja, don shi ya kawo Illo daga ƙauyensu ya sama masa aikin. Ya ce bai taɓa mariƙin ba, kuma ya yarda a kawo Alƙur'ani. Mode ya dube shi, ya ga gaskiya yake faɗi, ya sallame shi.

Ya aika gidan wuta aka katse layin. Ya ɗauko sufana ya kwance notin ɗaya bayan ɗaya. Duk an shafe kawunansu da baƙin mai. Na ƙasa ta dama, tsininsa ya narke.

A kurkuku Siddiƙu ya juya notin a hannu ya ce ba nasa ba ne. Na akwatin tagulla ne, gajeru, masu yin akwatin sun auna tsawonsu, domin bayan ramin kowane noti akwai sandar da wuta ke bi. Wannan kuwa ƙarfe ne, ya fi su tsawo da gaɓar yatsa. Ya taɓo sandar. Da Illo ya dafa murfi ya ɗaga mariƙi, akwatin gaba ɗaya ya zama wuta.

"Kai ba ka sa shi ba?"

"Saje, ni ke sa hannu cikin wanga akwati kullum. Kaina zan kashe?"

Washegari da hantsi Mode ya shiga maƙera. Rumfa ta shida ya samu mai aikin, Junaidu, wanda ke sayen tsoffin ƙarafan mota. Yana ganin notin ya yi murmushi, ya ce ai aikinsa ba ya ɓuya. Daga notin tsohuwar mota ya yanko su, ya zauna da zarto ya fitar da kusurwa uku. Ran Laraba wani ya kawo masa awo a jikin tsinken tsintsiya. Mode ya ce a nuna masa tsinken. Yana nan soke a rufin rumfa. Ya aza shi jikin notin, notin ya wuce shi.

"Mi ya sa kaƙ ƙara tsawo?"

"Gyara ce, Saje. Mutum ya zo da ƙahwa tai har rumhwata, bai yi ciniki ba, in ba shi daidai awo awa Bature? Mai gero ma tana ƙara hannu guda."

Junaidu bai san sunan mutumin ba, amma mutumin ya ce yau zai dawo da tagulla a ƙera masa munduwa. Mode ya koma bayan zana ya zauna. Bai sa rai ba. Wanda ya san abin da ya aikata ba zai zo ba.

Gab da azahar Yari ya shigo, da sauran ƙasar maƙabarta a gefen riga. Ya gaisa, ya kwance bakin rawani, ya zube noti huɗu rawaye a kan uwar maƙera. Da ya ga Mode ya sunkuyar da kai, irin na wanda aka kama da ƙaramar sata. Ya ce mahaifiyarsa ce ke fama da sanyin ƙashi, shekara uku ba ta miƙe hannu. Ana faɗa a kasuwa cewa tagullar da wutar Nasara ta zauna kusa da ita tana jan sanyi. Ya auna notin ne ranar da Siddiƙu ya buɗe akwati yana share ƙura. Kuma ai bai bar murfin banza ba, ya mai da wasu, har sun fi na da ƙarfi. In bulala ce ya yarda, amma a bari sai an yi sadakar uku, don shi ke tsaye kan hidimar Illo.

Mode ya jera na tagulla da na ƙarfe, ya nuna masa tsinin da ya narke. Ya maimaita abin da Siddiƙu ya faɗa, a hankali, don shi ma jiya ya koya. Da safe akwatin bai kashe kowa ba. Tsakanin azahar da saukowa aka canza notin, lokacin da mariƙi ke ƙasa, shi ya sa mai ɗaurawa ya tsira. Mutum ɗaya ne ya shiga a lokacin.

Junaidu ya ajiye guduma. Yari ya daɗe yana kallon notin.

"Ni ne na wanke gawar Illo, Saje."

Mode bai ɗaure masa hannu ba. Suka taka tare har caji ofis.

Da la'asar aka buɗe wa Siddiƙu. Bai tambayi wane ne ba, sai da aka faɗa masa. Ya sa takalminsa, ya ce a ba shi notin tagullar da sufana. Mode ya ce notin shaida ne, sai bayan shari'a, ya je gida ya huta.

"To a gaya ma Bature inji ba shi tashi ran Litinin," in ji Siddiƙu. "Ni dai ba ni rufe akwatin da wani abu."