Hannun Wa Ne a Silimar Jibirin?

"Mai saida inuwa! Shi za ni ba ɗiyata?"

Muryar Baba ce ta taso daga zaure, ta same ni a madafa ina suyar gahawa. Kawu Mato ne ya sake kawo maganar Jibirin, karo na uku ke nan.

"Yaya Gado, yaron ga na da aiki. Shi ka juya na'ura silimar birnin Madani."

"Aiki? Ya haska bango mutane su saki baki? Ubana da hannunai yah haƙa madatsar ruwan Makwar. Shi mi hannunai yat taɓa yi?"

"Ya yi silima tashi ta kanshi, nan garin. Ran Juma'a bayan la'asar za ya nuna. Zo ka gani, sannan ka yanke."

"Halas! In zo. Amma abin da nac ce bayan nan, shi ke nan har abada."

Gahawar ta ƙone ƙurmus ban sani ba. Duk gidan, ni kaɗai na san abin da ke jira na ranar Juma'ar nan.

Babana gafir ne, mai gadin ruwan noma a ƙauyenmu da ke kusa da Managil, a ƙasar Sudan. In jadawal ta ɓalle, wato 'yar magudanar da ke shayar da gonar auduga, Malam Gado ake kira. Toshinsa daban yake: ya gicciya kara, ya cusa ciyawa, ya ɗora laka, ya danna da gindin tafi sau uku, sannan ya shafe da bayan hannu. Baƙin cikinsa ɗaya ne, ni kaɗai Allah Ya ba shi. Kullum yana cewa da shi za a binne aikin nan. Ni kuwa tun ina 'yar shekara bakwai nake kai masa abinci bakin ruwa, ina tsugunne ina kallo. Bai taɓa lura ba.

Shi kuma Jibirin, ɗan maƙwabtanmu, ya shekara biyar yana haska wa mutanen Madani tsofaffin silimomi marasa launi, irin waɗanda ba sa nuna fuskar mugu sai zuciyarka ta kusa tsayawa. Sai ya aro na'urar ɗauka, ya ce zai yi irinsu da labarin ɓarawon ruwa. Sambo tela ya zama jarumi. Ranar da za a ɗauki wurin toshin ina dawowa daga gona, na tarar da Sambo jage-jage, sau uku ruwa yana cinye masa laka. Haushi ya kama ni.

"Ba ni rigar nan!" na ce.

Na zura ta, na durƙusa. Hannuwa kawai Jibirin ya ɗauka.

Ranar Alhamis muka haɗu a bakin rijiya.

"Jibirin, in Baba ya gane..."

"Ki ce in yanke wurin, hasken idona, yanzu in yanke."

"Silimar fa?"

"Ta lalace. Ma'alesh, ba komai! Silima ana yin wata... Yalwa guda ce."

Hawaye suka cika mini ido. Ina son yaron nan, wallahi ina son sa! Amma na tuna yadda toshin ya zauna daram.

"Bar shi," na ce. "Ban yi abin kunya ba."

Ranar Juma'a aka toshe tagogin ɗakin ajiyar auduga da buhuna. Maza a gaba, mu mata a baya, Baba a tsakiya ya haɗe rai kamar an kawo shi shari'a. Injin aro ya yi tari, bango ya yi haske.

Babu magana a silimar. Inuwar mutum ce kawai ke tafiya a kan ruwa, sai ƙafa, sai fartanya ta ɗaga sama. Gwaggo Huseina ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ruwa ya ɓalle ya nufi audugar wata tsohuwa, maza suka miƙe tsaye suna ihu, "A tare! A tare, ya jama'a!" Sai ga hannuwa biyu cikin laka. Na sunkuyar da kai.

Da aka buɗe tagogi, kowa ya zama gwani.

"Ni tun hwarko nas san mai awon auduga na ɓarawon," in ji wani. "Ku dubi tahiyatai!"

"Ƙarya kakai, kai ne kac ce liman!"

"Ni dai ba ni ƙara kallo," in ji Gwaggo Huseina. "Raina ya kusa hita. Yaushe za a sake nunawa?"

Wani malamin makaranta ya ce ya ga irinta a Madani, ta Turawa, amma tasu ba ta sa shi gumi haka ba. Wani kuma ya ce aibinta ɗaya, jakinsa ya wuce ba a nuna fuskarsa ba. Sambo yana ta karɓar gaisuwa kamar ango.

Sai wani tsohon manomi ya buga sanda a ƙasa.

"Ku dakata! Hannun ga ba na Sambo ba na. Sambo ko ramin ɓera ba ya iya toshewa."

Dariya ta ɓarke. Sambo ya soma gyaran hula.

"Toshin Malam Gado na," in ji wani.

"Gado na da tabo ga yatsa. Wannan hannu ƙarami na."

Duk ido ya koma kan Baba. Bai kalli kowa ba.

"Yaro," ya ce da Jibirin, "maido min wurin."

Aka sake rufe tagogi. Kara a gicciye... ciyawa... laka... danna ɗaya, biyu, uku... bayan hannu ya shafe. Baba ya tashi ya fita. Na ga Jibirin ya dafa na'urarsa, fuskarsa ta faɗa. Na ce a raina shi ke nan, na rasa shi.

A tsakar gida na sami Baba zaune a kan tabarma, Inna tsaye a gefe tana murza gefen mayafi.

"Yalwa."

"Na'am, Baba."

"Kawo hannunki."

Na durƙusa na miƙa masa duka biyun. Ya juya su, ya daɗe yana dubawa.

"Wa yak koya miki?"

"Kai, Baba."

"Ni? Yaushe?"

"Kana yi, ina riƙe da ƙwaryar abinci."

"Don mi kika danna sau ukku?"

"Na hwarko ya kori iska, na biyu ya kama ciyawa... na ukkun ban sani ba, Baba. Na ga dai kana yi."

Sai ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba.

"Na ukkun ba shi da aiki. Ubana yake yi hakanan, ni ko nib bi shi." Ya riƙe hannuna gam. "Shekara ashirin ina kukan ba ni da magaji, ashe magajina ka kawo min abinci!"

Na fashe da kuka, na kifa kaina a gwiwarsa.

"Mato!" ya ƙwala kira, don ya san Kawu yana laɓe a zaure. "Tahi ka ce ma yaron ga ya turo manyanai. Ya ga abin da ni ban gani ba cikin gidana."

Bayan an kwashe auduga aka ɗaura mana aure. Baba ya kalli silimar nan sau tara, kuma har ya bar duniya ra'ayinsa bai canza ba: inuwa ta yi yawa, ɓarawon ma ko fartanya bai iya riƙewa ba. Amma duk sanda aka zo wurin toshin, sai ya miƙe tsaye ya tare rabin bangon, ya juyo ga jama'a.

"Ku duba da kyau! Hannun ɗiyata na!"