Dagin Kaka Bawa

Ranar da Yahuza ya fara ganin Raliya, kwandon jar ƙasa ne a kanta. Daga kududdufi ta ɗauko shi za ta kai bakin rijiya, inda mutanen Garin Bawa suke gayyar gini. Shi kuwa saukowarsa ke nan daga kan jaki, da zuga-zugi da guduma a mangala, ya taso daga Falanko yana neman garin da ba maƙeri. Ya tsaya a tsakiyar hanya kamar an kafa shi.

"Malam, ko ka kauce ko ka karɓa," in ji ta.

Ya karɓa. Ya kai wa magina, ya dawo ya tambaye ta gidan wane babban mutum ake ginawa da jama'a haka. Ta ce ba gidan kowa ba ne, ɗakin kayan kakanni ne. Ta dubi hannayensa, ta ce in maƙeri ne ya zo a daidai, ƙyauren ɗakin ba shi da ƙarfe ko ɗaya.

A shekarar da Nasara suka ɗauke kujerar mulki daga Damagaram suka mai da ita Yamai aka yi wannan. Garin Bawa ƙauye ne, yini guda daga Belbeji, ba shi da abin alfahari sai rijiyarsa da kaya uku da Kaka Bawa, wanda ya kafa garin, ya bari. Akwai garkuwar fatar walwaji, akwai ƙahon da ake busawa in mahara sun taso, sai dagin ƙarfe da Kaka Bawa ya haƙa rijiyar da shi. Duk suna zauren Ɗan Azumi, jikan Bawa, mahaifin Raliya, a naɗe cikin fata. To gara ta ci gefen garkuwar. Bayan haka wani kumandan Nasara da ya ratsa zai je Tanut ya ga ƙahon, ya ce a ba shi ya kai ƙasarsu, da ƙyar Maigari ya zame. Shi ne gari ya zauna ya ce a gina wa kayan ɗaki na kansu, kowane gida ya kawo abin da yake iyawa. Wani ya kawo ƙasa, wani ƙarfinsa, mata suka ɗauki ruwa. Har Rissa, Buzun da yake shayar da raƙumansa a rijiyar, ya ɗoro azara biyu daga nesa, ya ce shi ma ruwan nan yake sha.

Maigari ya ba Yahuza fili ya kafa maƙera. Rabonsa a gayyar shi ne ƙarafan ƙyaure da sarƙa da kwaɗo.

Zamanin nan budurwa ba ta zaman maƙera, saurayi baƙo kuma ba ya shiga gidan mutane. Sai suka sami Gwaggo Balki, ƙanwar Ɗan Azumi, mai tallan daddawa, ita ke kai magana ta kawo. Mutuniyar kirki ce, amma kunnenta ɗaya ya mutu, kuma in an ba ta magana mai gaɓa biyar, uku take kaiwa.

Yahuza ya ce: "Gwaggo, ki ce wa Sanyin Randa yau sau biyu na bugi yatsana da guduma, kuma ita ce sanadi."

Da azahar amsa ta dawo: "Ki ce wa Mai Gawayi ya dubi ƙarfensa. Ba na son miji mai yatsu tara."

Kalmar miji ɗin nan ita ta hana shi aiki ranar. Ya aika Falanko, baffansa ya zo da goro. Ɗan Azumi ya karɓe shi da mutunci, ya shayar da shi, sannan ya ce a'a. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ba shi da ɗa namiji, duk wanda ya auri Raliya shi zai riƙe mabuɗin ɗakin nan bayansa, kuma shi ba zai ba maƙeri ba. Maƙeri in ya ga ƙarfe hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ba zai yi wa ƴarsa dole ba, amma wannan kam ba da bakinsa ba.

Kowa ya san wanda yake so. Mailafiya ne, wani falke ɗan Damagaram da ke sayen hatsin Damargu, mai riga uku da doki. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Tun farko ya ce a bar masa ginin ya yi shi kaɗai, Maigari ya ƙi, ya ce ɗakin da mutum ɗaya ya gina ɗakin mutum ɗaya ne. Duk da haka maganar Mailafiya ta yi wa Ɗan Azumi daɗi.

Gini ya ƙare, aka sa Juma'a za a kai kayan. Raliya ta yi dabara. Ta ga dagin bai kamata ya kwanta a ƙasa ba, in Yahuza ya ƙera ƙugiyoyi masu kyau aka rataye shi a bango, babanta zai ga maƙeri ma ya san darajar tsohon abu. Ran Laraba Ɗan Azumi ya tafi cin kasuwa. Ta ɗauko dagin a naɗe ta ba Gwaggo Balki, ta ce:

"Ki ce masa ya gyara wa dagin wurin ratayewa. Ya auna shi kawai, ya dawo da shi kafin Baba ya dawo."

Gwaggo Balki ta isa maƙera tana haki, ta dire, ta ce: "Ta ce ka gyara dagin, ka dawo da shi kafin babanta ya dawo."

Yahuza ya kwance fatar. Bai taɓa ganin dagin ba sai ranar. Tsatsa ta cinye shi, bakinsa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya ce a ransa, ashe garin nan sun daɗe ba maƙeri. Abin da ba wanda ya faɗa masa, don kowa yana zaton duniya duka ta sani, shi ne lanƙwasar nan ita ce dagin. Kaka Bawa ya yi wata bakwai yana haƙa, mutane sun watse sun bar shi, ran ƙarshe ya tara ƙarfinsa ya doki dutsen da ke ƙasan ramin, bakin dagin ya lanƙwashe, dutse ya tsage, ruwa ya taso. Duk yaron da aka haifa a garin sai an kai shi ya shafa wurin.

Yahuza ya hura wuta. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba. Ya miƙe bakin tsaf, ya wasa shi, ya kankare tsatsar da yashi, ya shafe da mai. Ya ɗauka da kansa ya kai ƙofar gidan Ɗan Azumi yana murmushi.

Raliya ta fito, ta duba, ta zauna a dokin ƙofa. Nan ya gane ya yi ɓarna, tun kafin ya san wace iri ce.

Washegari dattawa suka taru a gaban sabon ɗakin, dagin yana shimfiɗe a tabarma yana ƙyalli. Ɗan Azumi ya daɗe yana kallonsa. Bai yi zagi ba, da ma ya yi. Mailafiya ne ya yi gyaran murya ya ce abin bai kai haka ba. Ya ce a Damagaram ya ga yadda ake yi wa sababbin takubba in za a sayar wa Nasara. A sake lanƙwasa bakin, a shafa gishiri da kanwa, a binne a danshi kwana bakwai, ko Kaka Bawa ya tashi ba zai gane ba. Yaran da za a haifa ba su san komai ba, baƙi kuma balle. Wasu suka gyaɗa kai. Maigari ya dubi Yahuza ya tambaye shi ko zai iya.

Hanya ce aka buɗe masa, kuma ya gan ta. Ya ce:

"Zan iya, ranka ya daɗe. Kafin la'asar ma. Amma lanƙwasar Yahuza ce za ta zama, ba ta dutse ba. Na ɓata muku abu sau ɗaya da rashin sani. Ba zan ɓata shi na biyu ina sane ba."

Ɗan Azumi ya ɗago. "Wa ya sa ka taɓa shi?"

"Hannuna, Baba."

Raliya ba ta bar maganar a haka ba. Da babanta ya shiga gida ta durƙusa ta faɗa masa duka, daga ɗaukar dagin har saƙon. Gwaggo Balki ta rantse abin da ta ji shi ta kai, ta ce wurin ratayewa kuma yau ta fara jin sa. Ɗan Azumi ya ce ko an ce wa Yahuza ya gyara, ai yana da baki, da ya tambaya. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Hukuncin da ya yanke ba wanda ya zata. Ya ce da can dagin shi ke faɗar labarinsa, yanzu an toshe masa baki, to wanda ya toshe shi zai riƙa faɗa a madadinsa. Kullum bayan la'asar Yahuza zai rufe maƙera ya zo ɗakin ya koyi tarihin garin daga farko, ya riƙa faɗa wa duk baƙon da ya tambaya. Maganar aure kuwa kada ya kuskura ya ɗauko ta.

Haka aka yi rani guda. Tsohon ba shi da sauƙi. Sunayen mutum goma sha ɗaya da suka fara haƙar da Bawa, da matar da ta riƙa zura masa fura da igiya bayan kowa ya gudu, da shekarar da aka busa ƙahon sau uku, in Yahuza ya tsallake ɗaya sai a koma farko. Mailafiya ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya tari Raliya ya tambaye ta, ta ce masa ya yi haƙuri. Ya loda hatsinsa ya tafi, ba faɗa.

Wata safiya Yahuza ya same ta a bakin rijiya, ya karɓi igiyar gugan yana ja mata. Ya tambaye ta ko har yanzu tana fushi.

"Kwana biyu na yi ina kuka," in ji ta. "Ran na uku na tuna yadda ka zo kana washe baki kamar ka kamo zaki, sai dariya ta kama ni."

"In Baba bai sauko ba fa, Sanyin Randa?"

"Sai mu tsufa a haka, kai kana harda, ni ina jira. Ja gugan, Mai Gawayi, ana kallonmu."

Gab da damina wani ayarin Buzaye da ya fito daga Agadas za shi Kano ya sauka shan ruwa. Rissa ya kawo madugun da mutum biyu su ga ɗakin da shi ma ya sa azara a ciki. Yahuza ya buɗe musu, ya faɗi labarin daga farko har bugun ƙarshe da ruwa ya taso. Madugun ya shafa dagin ya ce ikon Allah, ƙarfen da ya fasa dutse amma ko lanƙwasa bai yi ba, lalle akwai asiri a jikinsa.

Da Yahuza ya yi shiru, da an tafi da labarin asirin har Kano. Ya ce ba asiri. Ya ce dagin ya lanƙwashe ƙwarai, ya shekara fiye da tamanin a haka, sai wani wawan maƙeri daga Falanko ya zo yana neman aure, ya miƙe shi don ya burge surukinsa. Ya nuna musu da yatsa daidai inda lanƙwasar take a da. Madugun ya tambaya ina wawan yake yanzu. Yahuza ya ce ga shi a gabanka.

Buzayen suka yi dariya a cikin rawunansu, suka sa albarka, suka fita. Ashe Ɗan Azumi yana bayan ɗakin a inuwa yana tufkar igiya, komai a kunnensa. Ya shigo.

"Wa ya koya maka wannan ƙarin?"

"Ba ƙari ba ne, Baba. Abin da ya sami dagin ne."

Tsohon ya je gaban garkuwar ya tsaya. Ya sa yatsa a wani huji da ke kusa da tsakiyarta. Ya yi magana bai juyo ba.

"Hujin nan da nake ce wa mutane mashin mahara ne. Ni na huda ta. Ina ɗan shekara tara, da bakan yayana. Shekara hamsin ban faɗa wa kowa ba, har ni ma na fara ganin maharan."

Yahuza ya matso ya dubi hujin.

"Daga yau ka riƙa faɗarsa yadda yake," in ji Ɗan Azumi. "Amma ka bari sai ba na kusa. Ka aika Falanko a kira baffanka."

Bayan an kai hatsi rumbu aka ɗaura auren Yahuza da Raliya a ƙofar gidan Ɗan Azumi. Yadda gari ya taru ya yi ginin, haka ya taru ya yi bikin. Rissa ya kawo rago, matan Fulani suka kawo nono ƙwarya-ƙwarya, Gwaggo Balki ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Da liman ya shafa fatiha, Ɗan Azumi ya kwance mabuɗin daga wuyansa a gaban jama'a ya danƙa wa surukinsa, ya ce amana biyu ya ba shi yau, ɗaya tana magana, ɗaya ba ta yi, kuma duka biyun zai tambaye shi gobe kiyama.

Yahuza ya karɓa da hannu biyu. Dattawa suka ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ruwan garin kada ya ƙafe, gaskiyarsa kada ta ƙare. Jama'a suka ce amin.