Robar Da Ta Tsage

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ke zaune da kakanta. Tun rasuwar babanta, shi ke riƙe da ita. Kaka tsohon bakanike ne, garejinsa yana ƙofar gida. Idanunsa sun fara rauni, amma hannunsa bai manta aiki ba.

Wata rana Hedimasta ya kawo motar makaranta tare da direba da malamin lissafi, giyarta tana kuka. Da ita za a kai 'yan aji biyar gidan namun daji ranar Asabar.

Malamin lissafi ya ce, "A kai wa matasa mana. Tsohon nan ba ya gani sosai."

Hedimasta ya ce, "Shekara ashirin yana yi mana gyara. Na yarda da shi."

Kaka da direba suka sauke giyabos, wato akwatin da haƙoran giya ke ciki. Kaka ya kwance shi a kan tebur. Ya ciro tsohon boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki, ya juya shi kusa da kunnen jikarsa.

"Me kika ji, uwargida?" Haka yake tsokanar ta.

"Kamar tsakuwa a gwangwani."

"To, ya mutu. Lafiyayye shiru yake juyawa."

Ya shafa wa sabon boris mai, ya ɗora guntun bututu a kansa, ya riƙa bugawa a hankali har ya zauna. Saura sil, zoben robar da ke hana mai zuba.

Kaka ya ce, "Zan shiga in ɗiga maganin ido. Kada ki taɓa, bakin robar nan ba ya son wasa."

Amma yarinyar tana so ta burge shi. Ta ɗora sil ɗin, ta kafa sukudireba, ta buga da guduma. Sukudireba ta zame, bakin robar ya ɗan tsage. Ta lakato giris ta rufe wurin.

Da Kaka ya dawo, ya shafa sil ɗin da yatsa.

"Ke kika saka? Ban hana ki ba?" Sai kuma ya sassauta. "Duba min da kyau. Lafiya ƙalau yake?"

"Ƙalau, Kaka."

Ya yi dariya. "Kin kusa ƙwace min gareji."

Aka mayar da giyabos cikin mota. Ranar Asabar 'yan aji biyar suka kama hanya, ba su yi nisa ba direba ya tsaya. Mai yana ɗiga a ƙarƙashin mota. Aka fasa tafiya, yara suka koma gida, wasu suna kuka.

Da Hedimasta da malamin lissafi suka dawo da motar gareji, malamin ya ce, "Ai na faɗa."

Kaka ya sunkuyar da kai. "Laifina ne. Ku yi haƙuri."

Da suka tafi, ya goge sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya, ya jera a akwati, ya kulle gareji. Aka kawo abinci, bai taɓa ba.

Ya ce, "Uwargida, ashe idon ya ƙare. Na daina aiki."

Sai ta fashe da kuka. "Ba idonka ba ne, Kaka. Ni na tsaga robar, na rufe da giris."

Kaka ya dube ta, ya ce:

"Roba kowa yana tsagawa. Babanki ma ya tsaga uku yana yaro. Amma shi yakan kawo min ya nuna. Na tambaye ki ne don ba na gani, kika ce ƙalau. Nan ne ya yi min ciwo."

"Ka yafe min."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai kika ɓata wa ba."

Ranar Litinin ta tsaya a gaban Hedimasta da 'yan ajinsu, ta faɗi komai. Da yamma malamin lissafi ya zo har gida ya ba Kaka haƙuri.

Aka sake sauke giyabos. Kaka ya nuna mata yadda ake shafa wa sabon sil mai, a danna shi daidai ta kowane gefe. Ko ɗigo bai zuba ba.

Asabar ta gaba aka tafi. Hedimasta ya zaunar da Kaka a kujerar gaba, yara suna ta waƙa a baya.

Tun daga ranar, in ta yi kuskure, nan take take faɗa. Ta gane cewa kuskuren da aka ɓoye girma yake yi, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai yake cutarwa.