Wutar da Ba Ta Taɓa Kamawa Ba

Kafinta Pak Darmaji bai rufe shagonsa ba ranar, domin ɗansa Gunarto, mai ɗaura rufi a wani dogon gini a Semarang, bai dawo ba har bayan isha'i. Ya kira wayarsa sau tara, ba a ɗauka ba.

Sai ga mutum a bakin ƙofa, hular kwano ta rufe masa fuska, kansa a karkace kamar wuyansa ya karye. Ya miƙo batirin injin huda.

"Sa min a caji," muryar kamar ana taka tsakuwa.

Darmaji ya san cajarsa kamar tafin hannunsa. Jar wuta na nufin tana caji, koriya kuma ta cika. Amma da ya danna batirin, sai rawaya ta kama, wadda takardar cajar ta ce alamar batir ya yi sanyi da yawa ce. A garin zafi irin wannan bai taɓa ganinta ba.

"Kai ɗan'uwa, daga firij ka ciro shi?" ya ce, yana dariyar yaƙe.

Mutumin ya cafke wuyan hannunsa, ƙashin ya ce ƙas! Ya maka shi da teburin aiki, ƙusoshi suka watse, jini ya cika bakin Darmaji. Yatsun sun fi batirin sanyi.

"Yi sauri, Baba. Saura kwanon rufi biyu ban ɗaure ba."

A hasken rawayar Darmaji ya ga ɗigon jan fenti a gindin batirin. Shi ya ɗiga shi da hannunsa, don kada a sace wa Gunarto.