Barkono da Ɗan Mai Masana'anta

Ranar da ta fara ganinsa yana tsaye cikin kwata, ruwa ya kai masa gwiwa, ya rungume shebur kamar wanda aka ba riƙon jariri.

Asabar ce, ranar da matasan unguwa ke fitowa aikin sa-kai, su yashe magudanai, su kwashe ledoji da robobin da suka toshe rafin bayan gidaje. Ita ce mai raba aiki. Barkono kowa ke ce mata, har Ummanta, don tun tana ƙarama ba a taɓa ta a kwana lafiya.

"Malam, wa ya koya maka riƙon shebur?"

Ya ɗago, gumi na zuba daga haɓarsa, ya yi murmushi. "Yau na fara. Ki koya mini mana, ranki ya daɗe."

"Bar raina inda ka gan shi. Sa ƙafa ka danna, ba lallashinsa za ka yi ba."

Ya danna, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin laka. Duk aka tuntsire da dariya, shi ma yana yi. Barkono ta juya baya don kada ya ga tata. Daga ranar sunansa ya zama Sabon Shiga.

Ba son tsafta kaɗai ya kawo Barkono ƙungiyar matasan ba. Babanta mai lambu ne a bakin wannan rafi, da tumatir da kabeji ya ciyar da su. Sai aka buɗe masana'antar rini a saman rafin. Ruwa ya riƙa sauya kala, yau shuɗi gobe baƙi ƙirin, yana wari kamar ƙonannen roba. Shuka ta bushe a tsaye. Baba ya sa rigarsa mai kyau ya je ya kai kuka, mai masana'anta ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "In ruwan bai yi maka ba, ka sayi na kwalba ka ba tumatirinka." Ya sa masu gadi suka fitar da shi. Baba ya ci gaba da shiga ruwan yana neman ceto abin da ya rage, har ƙafafunsa suka yi gyambo, ciwo ya shiga jini. Bai ga damina ta gaba ba.

Barkono ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Rantsuwa ta yi: sai ta ga mutumin nan ya sunkuyar da kai kamar yadda ya sa babanta ya sunkuyar.

'Yan ƙungiyar sun kai ƙara hukumar kula da muhalli ba sau ɗaya ba. Amma duk ranar da jami'ai suka zo, sai su tarar da ruwa garai-garai, su koma. Da sun juya baya, baƙin ruwa ya dawo. Abin na cin ta kamar wuta.

Sabon Shiga bai taɓa fashin Asabar ba. Hannayensa masu laushi suka yi kanta. Shi ya kawo shawarar a riƙa ɗibar ruwan a kwalabe ana ɗaukar hoto, shi ke tura baro idan kowa ya gaji. In an tashi, sai ya raka ta har bakin layinsu, yana riƙe mata safar hannu da takalmin roba.

Wata rana da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Barkonona, na wanke hannu da sabulu har ya ƙare, warin kwata bai fita ba. Amma in za ki sake yi mini tsawa, gobe ma zan shiga."

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka.

"Sabon Shiga, wa ya ba ka izinin ƙara 'na' a sunana? Ka shafa lemon tsami. Kuma ka ci abinci."

"To ai kin damu da ni ke nan."

"Da baron ƙungiya na damu. Babu mai tura shi in ka kwanta."

Haka aka yi ta yi, har ranar da suka zauna kan wani kututture a bakin rafi ta ba shi labarin Baba. Tana magana tana karya tsinke. Da ta gama, ta ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya haɗiye.

"Ba ki taɓa tunanin yafewa ba?"

"In na yafe, wa zai gaya wa Umma? Ita ta wanke ƙafafun nan har ranar ƙarshe."

Ta ɗauka tausayi ne ya hana shi magana, kuma a ranar ta yarda a ranta cewa tana son sa.

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Sakataren ƙungiya ya daɗe yana zagaye Barkono, tana kaucewa. Ran nan bayan taro ya tare ta a ƙofar ajin makarantar da suke aro don taro, ya miƙa mata wayarsa.

"Duba masoyin naki."

Hoto ne daga shafin masana'antar. Mai masana'anta na yanke ƙyalle, ga Sabon Shiga a damansa cikin kwat, hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya.

"Ɗansa ne na fari," in ji Sakatare. "Yanzu kin gane dalilin da ya sa ruwa ke washewa duk ranar da jami'ai za su zo? Kin kawo mana ɗan leƙen asiri, har kina ce masa ya ci abinci."

Ta ƙura wa hoton ido. Ta tuna tsinken da ta karya, ta tuna yadda ta zazzage masa cikinta. Ta mayar wa Sakatare wayarsa.

"Kada ka gaya wa kowa. Bar ni da shi."

Tun kafin ta mayar da wayar ta ga sanarwa a ƙasan hoton: ranar Litinin masana'antar za ta yi taron karɓar lambar yabo, da baƙi da 'yan jarida. Ta tura wa Sabon Shiga saƙo.

"Masoyi, Litinin da safe akwai aiki na musamman. Ka zo da bokiti babba. Ina so ka tsaya kusa da ni."

Shi ne karo na farko da ta kira shi haka. Amsarsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Kin ce masoyi? Ko tanki kika ce zan ɗauko."

Litinin da hantsi mutanen unguwa da Barkono ta gayyato suka cika bokitai da baƙin ruwan rafi. Mata da maza, har tsofaffin da lambunansu suka mutu, suka jera a titi. Barkono na gaba, Sabon Shiga a gefenta yana ta zolaya. Sai da suka sha kwana, babbar ƙofar masana'anta ta bayyana da rumfuna da fararen kujeru, sannan dariyarsa ta ɗauke.

Ta dube shi ido cikin ido. "Ai gidanku ne. Kai za ka yi mana jagora."

"Barkono, ki saurare ni..."

"Na saurare ka ya isa. Ko ka shiga da bokitin nan, ko ka ajiye ka koma cikin 'yan uwanka ka zauna a farar kujera."

Ya dubi ƙofar, ya dubi bokitin. Sannan ya gyara riƙo ya nufi ƙofa. Masu gadi suka ga ɗan gida, suka buɗe, jama'a suka bi shi ɗuu.

Mai masana'anta na tsakiyar jawabi kan yadda yake ƙaunar muhalli. Barkono ta ratsa kujeru ta tsaya gabansa.

"Ka gane ni? Ni 'yar mai lambun nan ce da ka ce ya sayi ruwan kwalba. Ya rasu. Ga ruwanka mun dawo maka da shi."

Ta tuntsurar da bokitin a kan jan kafet. Wari ya tashi, baƙi suka miƙe suna toshe hanci, masu kyamara suka matso. Bokiti bayan bokiti, har farin takalmin mutumin ya nutse.

"Sharri ne!" ya daka tsawa. "Wannan ruwan ba daga nan ya fito ba!"

"Daga nan ya fito, Abba."

Sabon Shiga ya ajiye nasa bokitin a gaban mahaifinsa, bai zubar ba. "Akwai bututu a bayan ɗakin janareta, an binne shi ƙarƙashin siminti. Da mai gadi ya hango motar hukuma sai a rufe. Na roƙe ka a gida ka gyara, ka ce in yi harkar gabana. Duk mai son gani ya biyo ni."

Kafin la'asar hukuma ta garƙame masana'antar.

Barkono ta koma gida tana jin kanta kamar ta sauke dutse. Ta ba Umma labari, har da yadda takalmin ya nutse. Umma ta sa ta maimaita wurin takalmin, ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Amma daɗin bai cika ba. Saƙonsa ya shigo.

"Ban taɓa kai maganarku gida ba, Allah ne shaidata. Na ga bututun ne, na kasa barci, na zo in ga ɓarnar da idona. Sai na gan ki. Ranar da kika ba ni labarin Baba na so in faɗa, tsoron rasa ki ya kama ni. Na yi laifi. Abba ya kore ni, ina ɗakin abokina. Ba tausayi nake nema ba, so nake ki sani."

Ta bar shi ya yi ta jira, da gangan, tana ganin saƙonninsa tana wucewa. Asabar ta zo, ga shi cikin kwata tun kafin kowa, babu mai yi masa magana. Wata Asabar ma haka. Sakatare ya ce a kore shi, Barkono ta ce, "Wanda ya nuna bututu za a kora, a bar wanda ya nuna hoto?" Sakatare bai ƙara tare ta a ƙofa ba.

Ranar da ta sauko, ta same shi yana ɗaure yatsan da kwalba ta yanka. Ta fizge tsumman ta ɗaure masa da kanta, da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Wannan na ƙaryar da ka yi mini ne."

"In akwai saura, ga ɗaya hannun."

"Akwai. Sai na yi shekaru ina rama shi."

"Shekaru?" Ya washe baki. "Barkonona, kin san abin da kika faɗa kuwa?"

Umma ce ta ƙi. Da ta ji maganar aure sai ta ajiye tsintsiya. "Jinin mutumin da ya kashe mini miji? In goya jikokinsa? Ba a gidan nan ba." Kawu, ƙanin Baba, ya yi ta zarya yana ba ta baki, yana cewa yaron ya rabu da gata saboda gaskiya. Ga kuma matan ma'aikatan masana'antar suna zuwa suna kuka, mazansu na zaune babu aiki, kuma hukuma ta ce ba za a buɗe ba sai an gina wurin tace ruwa, an gyara rafi, mutanen unguwa sun shaida.

Da mai masana'anta ya ga ƙofarsa a rufe, ɗansa a waje, sai ya aiko a tambayi abin da zai sanyaya zuciyar gidan mai lambu.

Umma ta ce, "Kada ya aiko mini da komai. Ya zo ya shiga rafin nan da ƙafarsa, ya kwashe da hannunsa, unguwa na kallo. Sannan ya zo nan ya faɗi abin da ya gaya wa mijina."

Kowa ya ce ba zai zo ba. Ya zo. Asabar da safe aka ga mutumin cikin takalmin roba, tumbinsa na gaba, yana haki cikin laka. Barkono ce mai raba aiki, ta ba shi wurin da ya fi ko'ina wari, ta tsaya a kansa har rana ta take. Da azahar ya shigo tsakar gidansu da laka har ƙugu, ya tsaya gaban Umma, ya maimaita maganar ruwan kwalba da bakinsa. Ya sunkuyar da kai.

"Na zalunce shi. Ki yafe mini."

Barkono ta ƙura wa wannan sunkuyayyen kai ido, ta kalle shi son ranta.

Umma ta dube shi ta ce, "Tsakaninka da shi sai Allah, ni ba zan yafe a madadinsa ba. Amma ɗanka ba shi ya yi ba. Ku je wurin kawunta."

An ɗaura aure bayan an gama ginin matatar ruwan, ma'aikata sun koma bakin aiki. 'Yan ƙungiya suka cika layin, tsofaffin masu lambu suka zauna a sahun gaba. Da aka zo tafiya da amarya, Umma ta kama hannunta ta sa cikin na ango.

"Ga ta nan. Tana da zafi, kuma ba ta mantuwa, ka dai gani da idonka."

"Na gani, Umma," ya ce. "Shi ya sa ba zan ƙara ɓoye mata ko ƙwayar zarra ba."

Aka yi dariya, amarya na share hawaye tana harararsa ta ƙasan mayafi.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Umma. "Ya ba ku zuri'a masu tsayawa kan gaskiya, ya sa ku tsufa tare. Allah ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.