Me Ka Gani a Hanya?

A can wani zamani, akwai wata siririyar hanya a gefen kogi wadda mota ba ta taɓa bi ba. Wata safiya wani saurayi ya hau kekensa zai je tsallake gaida kakarsa. Ya sunkuyar da kai, ya yi ta sheƙa gudu har mashigi.

Mai fito tsoho ne, idanunsa sun dushe. Ya ce, "Samari, me ka gani a hanya?"

"Tayar gaba kawai, Baba."

"To, koma ka gano."

Saurayi ya koma yana gunaguni, ya dawo a hankali. Ya ga tururi kwance kan ruwa kamar auduga. Ya ga balbelu suna gyangyaɗi, ya ga bado ya buɗe. Kusa da tsibiri kuma ya ga wasu kunnuwa biyu suna kaɗawa a ruwa.

"Samari, me ka gani a hanya?"

Ya faɗa masa duka. Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce, "Dorina ce. Da kuwa ta nan za mu bi. Ɗora kekenka, mu zaga ta gabas."

Har suka tsallake, saurayi bai sake sunkuyar da kai ba.